Turaren Iyaye a Jikin Saurayi: Yadda Ake Zaɓa da Yadda Ake Fesawa

Samari da yawa sun taɓa ɗaukar wata kwalba mai nauyi, koriya ko baƙa, suka buɗe suka shinshina, ƙamshin ya yi musu, amma suka mayar da ita inda suka ɗauko don gudun kada a ce suna ƙamshin baba. Abin da ke ransu shi ne ko ɗan shekara 20 ko 25 zai iya fesa turaren da aka haɗa tun kafin a haife shi, ya kuma yi masa kyau. Amsata ita ce zai iya, sai dai ba kowanne ba, kuma ba irin fesawar da aka saba yi masa a zamaninsa ba. Yawancin samarin da tsohon turare ya ba kunya, ɗaya cikin abu uku ne ya same su: sun fara da wanda ya fi ƙarfin hancinsu, ko sun yi masa ruwan fesawa irin wadda ake yi wa turaren yayi, ko sun shiga da shi inda bai dace ba. Duka ukun suna da magani.

Kafin a shiga matakan, akwai abin da ya kamata ka sani don ranka ya kwanta. Turarukan nan da ake cewa na dattawa, da yawansu samari ne suka haɗa su, samari kuma aka yi wa tallarsu. An haifi Jean-Paul Guerlain a 1937, ya fitar da Vetiver a 1959 yana ɗan shekara 22, ya zo ya yi Habit Rouge a 1965 bai cika 30 ba. Francis Kurkdjian bai wuce shekara 26 ba lokacin da Le Male, turaren da ya haɗa, ya shiga kasuwa a 1995. Brut kuwa, wanda ya fito a 1964, da 'yan wasa irin su Muhammadu Ali da Kevin Keegan aka riƙa tallarsa suna kan ganiyarsu. Polo na koriyar kwalba da Drakkar Noir su ne turaren 'yan ƙwalisa a shekarun 1980. Samarin wancan lokaci ne suka girma, suka yi furfura, ba su kuma canja turare ba. Hancinka ya fara jin ƙamshin ne a jikin malami ko kawu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗaure su wuri ɗaya. Hanci yana da hanya ta kusa zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye tunani da motsin zuciya, shi ya sa ƙamshi ke tuna maka mutum tun kafin ka yi tunanin sunan turaren.

Ba tunani ne kaɗai ba, gaskiya. Kayan haɗin ma sun bambanta. Tsohon turare ya dogara ne da gansakukar itacen oak, da fachuli (wani ganye mai ƙamshin ƙasa), da jibda, da ƙamshin jemammiyar fata da ganyen taba, abubuwa masu ɗaci da bushewa da ɗan bashi-bashi. Na yau ya fi karkata ga zaƙi, ga banila, ga sinadarin ambroksan da fararen miski masu ƙamshin wankakkun kaya. Hancin da ya taso cikin zaƙi, ɗaci yana yi masa baƙunta a karon farko.

Mataki na farko: san dangin da turaren ya fito

Kada ka ce kana so ko ba ka son tsohon turare a dunƙule. Dangi-dangi ne, kuma nisan da ke tsakaninsu ya fi nisan da ke tsakanin wasunsu da turaren bana.

Dangin lemu shi ne mafi tsufa kuma mafi sauƙin sawa. Asalinsa ruwan Kolon da wani mai haɗa turare mai suna Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709: lemun tsami, bargamot (wani nau'in lemu mai ƙamshi), furen lemu da ɗan ganye. Acqua di Parma Colonia na 1916 daga nan ya fito. Sarkin dangin a wurina shi ne Eau Sauvage na Dior, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa a 1966. A cikinsa ne aka fara jin aikin sinadarin hediyon sosai, mai sa ƙamshi ya buɗe ya yi haske kamar furen yasmin a iska, kuma har yau da wuya ka sami turaren zamani da babu hediyon a ciki. Wannan ne dalilin da ya sa hancin saurayi ba ya ɗaukar Eau Sauvage a baƙo. Ɗan shekara 18 zai sa shi ba wanda zai ɗaga gira. Aibin dangin ɗaya ne, ba ya kama jiki, awa uku ko huɗu ya tafi.

Dangi na biyu shi ne fujer, wanda ya samo asali daga Fougère Royale na Houbigant a 1882. Ginshiƙansa uku ne: furen labanda a sama, sai sinadarin kumarin mai ƙamshin busasshiyar ciyawa da gansakuka a ƙasa. Idan ka taɓa jin ƙamshin sabulun aski ko ruwan da ake shafawa bayan an aske gemu, to ka san fujer. Brut, Paco Rabanne Pour Homme na 1973, Azzaro Pour Homme na 1978 da Drakkar Noir na 1982 duk 'yan gida ɗaya ne. A nan ne maganar ƙamshin baba ta fi yawa, domin su aka fi saya, su aka fi kwaikwaya a sabulu da man aski. Amma kuma a nan ne saurayi mai tsafta ya fi samun riba in ya iya fesawa. Azzaro musamman, da ɗan ƙamshin anis da yake da shi, yana yi wa mai ƙananan shekaru kyau fiye da yadda ake zato.

Sai shifir, dangin da kamfanin Coty ya kafa wa suna a 1917: bargamot a sama, ƙaron labdanum da gansakuka a ƙasa. Chanel Pour Monsieur na 1955 shi ne mai natsuwar dangin, ba ya ɗaga murya. Aramis na tsakiyar shekarun 1960 ya ƙara masa fata da ɗacin tazargade, ya zama wani abu dabam mai kwarjini.

Daga nan sai manyan bindigogi na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980: Polo na 1978, mai itacen fain da taba da fata, Antaeus na Chanel da Kouros na Yves Saint Laurent, duka biyun na 1981. An haɗa su ne a zamanin da ake shan taba a ofis da jirgi da gidan rawa, turare sai ya yi ƙarfi kafin a ji shi ta cikin hayaƙi. Yau ɗakuna sun tsarkaka daga hayaƙi, turaren kuwa bai san an yi ba. Kouros, wanda Pierre Bourdon ya haɗa, yana da jibda da zuma da wani abu kamar gumin jiki mai tsafta. Masu sonsa ba sa haɗa shi da komai, masu ƙinsa kuwa ko a mota ɗaya ba sa so a haɗa su da shi. Ba zan ba wanda bai saba ba shawarar ya fara daga nan ba.

Akwai masu ɗumi da zaƙi, irin su Pour Un Homme de Caron na 1934, wanda kusan labanda ce da banila kawai, da Habit Rouge, da Égoïste na 1990 mai itacen sandal da wardi da kirfa. Akwai kuma masu ƙamshin ruwa da iska, Cool Water na 1988 da Acqua di Giò na 1996. Waɗannan na ƙarshe sun haura shekara 25 a kasuwa, amma ban ga abin tattaunawa a kansu ba, kowa na iya sawa.

Mataki na biyu: fara daga abin da hancinka ya riga ya saba

Dubi kwalbar da kake amfani da ita yanzu, ita za ta nuna maka ƙofar shiga. Kusan duk turaren yayi yana da kaka a cikin na da, kuma ta wurin kakan nan ya fi sauƙi ka shiga gidan.

Idan kai mai Sauvage na 2015 ne ko Bleu de Chanel na 2010, abin da kake so shi ne tsafta mai kaifi, kamar wanda ya fito daga wanka yanzu. Koma baya zuwa Cool Water, ko Green Irish Tweed na Creed na 1985, daga nan ka taka zuwa Drakkar Noir. Sinadarin dihaidromirsinol, mai ba da wannan sanyin ƙarfe-ƙarfe, shi ne zaren da ya haɗa Drakkar da Cool Water da yawancin turarukan shuɗiyar kwalba na yau. A kula, Sauvage da Eau Sauvage suna kawai ya haɗa su, ƙamshinsu ko kusa bai yi kama ba.

Idan zaƙi kake so, irin na 1 Million ko Le Male, to Pour Un Homme de Caron ne makwabcinka na kusa. Labanda da banilar da ka sani a Le Male suna nan, sai dai babu hayaniya. Bayan ka saba, gwada Égoïste. Habit Rouge ka bar shi a ƙarshe, saboda yana da ƙamshin hoda wanda wasu samari ke ji kamar na mata ne ko na tsofaffi, alhali bayan awa biyu a jiki yana komawa fata da banila mai daɗin gaske.

Mai son Terre d'Hermès na 2006, hanyarsa a miƙe take zuwa Vetiver na Guerlain. Betiba saiwar wata ciyawa ce dangin jema, ƙamshinta na ƙasa ne da ɗanyen itace da ɗan hayaƙi. A cikin duk tsofaffin turaruka, wannan ne na fi yawan ba saurayin da zai fara aikin ofis shawara a kai. Yana da natsuwa, ba ya hawa kai, kuma zafi ba ya lalata shi.

Wanda kuma hancinsa ya saba da oud da hayaƙi da fata ya riga ya wuce rabin hanya. Ɗacin da ke korar wasu ba zai dame shi ba. Fahrenheit na 1988, mai ganyen bayolet da wani ƙamshi kamar na fetur, zai iya zama na farkonsa, sannan Aramis, sannan Antaeus. Mai irin wannan hanci kaɗai ne zan ce ya gwada Polo tun da wuri.

Zaɓi biyu ko uku kawai daga layinka. Kada ka rubuta goma.

Mataki na uku: gwaji, wanda a nan ne ake cin riba ko a tafka asara

Turaren zamani an gina shi ne don ya sace zuciyarka a minti biyar na farko, domin a wannan lokacin ake yanke shawarar saye. Na da an gina shi hawa-hawa. Saman na iya zama mai kaifi, mai ɗaci, har da yaji a hanci, daɗin yana can ƙasa sai an jira. Wanda ya shinshina murfin kwalba ya yamutsa fuska ya tafi bai ji turaren ba tukuna.

Fara da takardar gwaji. Fesa sau ɗaya, kaɗa ta a iska daƙiƙa 20 ko 30 don alkohol ya tashi, sannan ka kawo ta kusa da hanci ba tare da ta taɓa shi ba. Rubuta sunan turaren a jikinta ka sa a aljihu. Aikin takarda shi ne ta fitar da wanda ba ka so sam. Ba ta isa ta ce maka ka saya ba, domin ba ta da ɗumi, ba ta da maiƙo, ba ta gumi.

Turaren da ya ci gwajin takarda, shi ne zai hau fata. Ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a na hagu, shi ke nan na ranar. Ka je wurin gwaji jikinka babu wani turare, babu man shafawa mai ƙamshi. Kada ka goga hannu da hannu, bar shi ya bushe da kansa. Sai ka duba shi sau uku: bayan minti 15, lokacin da lemu da ganyen sama suka fara lafawa; bayan awa biyu, lokacin da zuciyar turaren ta fito; da bayan awa shida, lokacin da sai gindinsa ya rage. Na tsakiyar da na ƙarshen su ne abin da mutane za su ji a jikinka mafi yawan yini, saboda haka su za ka ba nauyi. Idan hancinka ya toshe tsakanin shinshina biyu, fita waje ka sha iska, ko ka shinshina damtsenka inda babu turare.

Idan ya yi maka, har yanzu kada ka sayi babbar kwalba. Nemi ɗan samfur na mililita 1 ko 2, ko ƙaramar kwalbar da ake tsiyaya wa mililita 5 zuwa 10 daga ta asali. Sa shi a ranaku dabam-dabam: ranar zafi, ranar sanyi, ranar da za ka yi zirga-zirga ka yi gumi, da ranar zaman ɗaki. Turare ɗaya kan yi fuska uku a mako guda.

Sannan ka nemi hancin wasu, amma ka iya tambaya. In ka miƙa wa mutum hannu ka ce ya yi daɗi ko bai yi ba, kunya za ta sa ya ce ya yi. Tambaye shi wa ƙamshin ya tuna masa, kuma daga ina ya fara jin sa. Tambayi sa'anka ɗaya da wanda ya girme ka ɗaya. Idan duka biyun suka ce tun daga bakin ƙofa suka ji, matsalar yawa ce, ka duba mataki na biyar kafin ka yanke wa turaren hukunci.

Mataki na huɗu: wace kwalba ce a hannunka?

Abin da ake sayarwa yau da sunan Polo ko Azzaro ba daidai yake da wanda aka sayar a 1978 ba. An sake haɗa kusan dukkansu, wasu fiye da sau ɗaya. Dalili na farko lafiyar fata ce. Ƙungiyar masu harkar ƙamshi ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, tana ƙayyade yawan wasu kayan haɗi masu jawo ƙaiƙayi da borin fata. Tarayyar Turai kuma a 2017 ta haramta atranol da kuloro'atranol, sinadarai biyu da ke cikin gansakukar oak, tare da wani mai suna Lyral, haramcin ya kammala aiki a 2021. Ana ci gaba da amfani da gansakuka, amma wadda aka tace. Ƙamshin dabba irin su jibda ma yawanci na roba ne yanzu. Dalili na biyu kuwa kuɗi ne da sauyin ɗanɗanon masu saye.

Masu tara tsofaffin kwalabe suna kuka da wannan, suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma a fagen zurfin ƙamshi suna da gaskiya. Amma kai saurayi da kake son turaren da za ka shiga mutane da shi, sabon haɗin ya fi maka. Ya fi sauƙi, ya fi haske, duhun da ke ƙasansa ya ragu. Wato an riga an yi maka rabin aikin.

Karanta sunan da ke jikin kwalbar har ƙarshe. Kamfanoni suna fitar da ƙanne da sunan yayansu, su ƙara kalma ɗaya kawai, alhali ƙamshin ya yi hannun riga. Eau Sauvage Parfum na 2012 mai nauyi ne, da ƙaron mur a ciki, ba shi ne na 1966 ba. Platinum Égoïste na 1993 fujer ne mai sanyi, bai haɗa hanya da Égoïste mai sandal ba. Polo Blue da Polo na koriyar kwalba, hoton dokin da ke jikin kwalba kawai suka haɗa. Haka nan rubutun EDT (Eau de Toilette) da EDP (Eau de Parfum), masu nuna ƙarfin turare: na farko yakan ƙunshi man ƙamshi kashi 5 zuwa 15 cikin 100, na biyu kamar 15 zuwa 20, amma sau da yawa haɗin ma dabam ne, ba ƙarfi kaɗai ba. Yawancin tsofaffin turarukan maza a EDT aka haife su, shi ne asalin, shi za ka fara nema.

In kuwa tsohuwar kwalba ta faɗo hannunka, ta gado ko ta kyauta, duba ruwan. Idan ya yi duhu sosai kuma fesawar farko tana warin tsami ko na man goge farce, saman ya lalace. Wani lokaci bayan minti goma sauran yana nan lafiya, wani lokaci ya tafi gaba ɗaya. Kwalbar fesawa ta fi ta tsiyayawa daɗewa, domin iska ba ta shiga. Game da jabu, duba lambar sarrafawa da ke ƙasan kwalba ka ga ko ta yi daidai da ta jikin kwali, ka kuma lura da rubutu mai karkata da murfi mara nauyi.

Mataki na biyar: yawan fesawa da inda ake fesawa

Da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka. Saurayin da ya yi wa kansa fesawa shida na Polo yana kama da yaron da ya zura takalmin babansa, kowa takalmin yake gani. Fesawa ɗaya a inda ya dace kuwa sai a ce wane ne wannan mai ƙamshi.

Ga ma'aunin da nake ba da shawara a fara da shi. Masu nauyi, wato Kouros, Antaeus, Polo, Aramis da Fahrenheit: fesawa ɗaya tak, a ƙirji, kafin ka sa riga. Rigar za ta tace shi, ɗumin jiki ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan ta wuya. Idan ɗayar ma ta yi yawa, fesa a ɗan auduga ka dangwala a ƙirji da ƙeya. 'Yan fujer da masu ɗumi: biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙeya. Betiba: biyu zuwa uku. Dangin lemu: uku ko huɗu, kuma ba laifi ka ƙara da rana tunda sun riga sun tafi. Riƙe kwalbar kamar tazarar taƙi ɗaya daga jiki don ruwan ya bazu, kada ya taru wuri guda yana gangarowa.

Na fi son ƙirji da ƙeya a kan gaban wuya saboda dalili ɗaya. Abin da ke ƙarƙashin hancinka kai tsaye, ƙwaƙwalwa tana daina kula da shi bayan ɗan lokaci. Sai ka ɗauka turaren ya gudu, ka ƙara, na kusa da kai kuwa kansa na sarawa. Wannan gajiyar hanci ita ce ke mayar da mutane masu hankali masu cika lifta da ƙamshi. Ka ɗauka cewa in kai kana jin sa sosai bayan awa biyu, to wasu suna jin ninkinsa. Ma'auni mai kyau shi ne wanda ya zo gaisawa da kai ya ji, wanda ke ɗaya gefen ɗaki kada ya ji.

Zafi yana tayar da ƙamshi da sauri, yana kuma kumbura masu nauyi, don haka a ranar zafi rage ɗaya daga lissafin nan, ko ka bar masu fata da jibda sai dare ko lokacin sanyi. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Shafa mai marar ƙamshi bayan wanka, ka jira ya shiga jiki, sannan ka fesa. Kada ka haɗa tsohon turare da feshin jiki mai zaƙi ko maganin warin hammata mai ƙarfin ƙamshi, faɗa za su yi, kuma babu mai nasara. Tufa tana riƙe ƙamshi har kwana biyu ko fiye, amma ruwa mai launi yana iya ɓata farar riga, kuma a kan tufa turaren ba ya sauyawa hawa-hawa yadda yake yi a fata.

Mai saurin ƙaiƙayi ya fara gwada ɗigo a cikin gwiwar hannu ya jira kwana ɗaya ko biyu, musamman idan tsohuwar kwalba ce da aka haɗa kafin dokokin nan. Tsohon man bargamot kuma yana da sinadarin da ke sa fata ta yi tabo idan rana ta buge ta, wani dalili ke nan na fesawa a ƙarƙashin riga. Kada ka fesa a fuskar da aka aske yanzu.

Mataki na shida: wuri da shiga

Tsohon turare yana son tsafta. A jikin da ya yi wanka, da riga mai guga, da gashi da farce a gyare, yana zama ado. A kan gumin jiya yana zama abin da ake toshe wa hanci. Ba sai ka sa kwat ba. Eau Sauvage da farar riga mai gajeren hannu sun isa, kuma sau da yawa shiga mai sauƙi ce ke hana turare mai kwarjini ya tsufar da kai. In ka haɗa turare mai nauyi da shiga mai nauyi da fuska a ɗaure, ka ƙara wa kanka shekara goma da hannunka.

Aji, ofis, ganawar neman aiki da doguwar tafiya a mota: dangin lemu, betiba ko Pour Monsieur. Fita da yamma ko taro a fili: fujer da masu ɗumi. Manyan bindigogin nan, dare da sanyi da sarari. Asibiti, wurin motsa jiki da ɗakin da jariri yake, gara ka shiga haka nan.

Mataki na bakwai: idan duk da haka aka ce kana ƙamshin baba

Za a faɗa, ko ba jima ko ba daɗe. Saurari yadda aka faɗa. Wanda ya faɗa yana murmushi, ya ce ka tuna masa mahaifinsa, ba kushe ka ya yi ba, tunaninsa ne ya motsa. Wanda ya faɗa yana ja da baya, yawa ne, rage rabi ka sake gwadawa. Idan ka rage har zuwa auduga, ka canja lokaci, amma har yanzu kai da kanka kana jin kamar kayan aro ka sa, to ajiye shi. Hanci yana girma da yawan abin da ya shinshina. Wanda ya yi shekara ɗaya da betiba da Azzaro, in ya koma kan Aramis zai ji abubuwan da bai ji ba a karon farko.

Ajiyar kuwa ba ta da wuya. Haske da zafi da iska su ne abokan gabar turare. Mayar da kwalbar cikin kwalinta, rufe murfin da kyau, sa ta a cikin durowa ko kabad inda babu rana. Banɗaki bai dace ba saboda tururi da hawa da saukar zafi, bakin taga da cikin mota sun fi shi muni. Dangin lemu ne suka fi saurin juyawa, don haka su ka sayi ƙaramar kwalba ka ƙarar da ita cikin shekara biyu ko uku. Masu fata da itace da ƙaro suna iya yin shekaru masu yawa a cikin duhu ba su canja ba, kuma da fesawa ɗaya a rana, kwalbar mililita 50 za ta kai ka fiye da shekara guda.